Ranar da Muka Ɓoye Shanun Kawu

Gonarmu tana bayan Birnin Tudu, tafiyar da ba ta isa ta gajiyar da jaki ba. Tun ina ƙarami na san gonar nan masu ita biyu ne. Daga saukar ruwan fari har a ɗaure damin ƙarshe, tamu ce. Daga nan har hadari ya sake haɗowa, ta Kawu ce da shanunsa.

Kawu Bafillace ne, abokin mahaifina, ba mu haɗa jini da shi ba ko ta ina. Mahaifinsa ya zauna a gonar kakana, shi ya zauna a ta mahaifina, da mahaifina ya rasu na gaji gonar, na gaji Kawu tare da ita. Damina yakan yi ta can wajen Damaga, a ƙasar Maradun, inda akwai tudu da daji. Da an kawar da amfanin gona sai mu ji kukan maruƙa ta burtali, hanyar nan da aka bar wa shanu a tsakanin gonaki, mu san ya iso. Inna, mahaifiyata, takan riga kowa ji, ta ce a share ƙarƙashin gawo.

Shanun su ci kara da harawar da muka bari, su sha a gulbi. In rani ya yi nisa su gangara fadama su ci burgu, ciyawar nan mai zaƙi da ambaliya ke bari in ta janye. Kwana kuwa a gonarmu suke yi. Kawu ba ya barin garke ya wuce kwana huɗu a wuri ɗaya. Ya tumɓuke turaku, ya naɗe igiyar maruƙa, ya matsa gaba, har taki ya game gonar daga wannan iyaka zuwa waccan. A wurin kiwo ma haka yake. Da ya ga shanu sun fara tonon saiwa sai ya kaɗa su gaba, ko da suna so su ƙara. Mu kuma mu kai masa damman gero da na dawa, matarsa ta kawo wa Inna nono da man shanu. Ba takarda, ba shaida, kuma ban taɓa jin an yi gardama a kai ba.

Yakan tsokane ni in ya same ni ina gyaran kunya. Ya jingina da sandarsa ya ce, "Ɗana, har yau ba ka gano abin da kakanka ya binne ba? Kullum tono." Ni kuma in ce ai gara ni, ban taɓa zama bawan saniya ba. Sai ya yi dariya ba sauti, kafaɗunsa kawai ke motsi.

A lokacin da abin nan ya faru shekaruna sun kai talatin, ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma a ganina babu abin da ban sani ba. Ni mutum ne mai saurin yanke magana, in na yanke kuma ba na son musu. Inna ta sha gaya mini cewa bakina ya fi kaina sauri. Har yau da furfura ban rabu da halin ba, na dai koyi cizon harshe.

Sai aka fara aikin dam a Bakolori. Manyan motoci suka cika hanyar Talata Mafara, mutanen wajen Maradun suna maganar gonakinsu da ruwa zai haɗiye, mu kuma na ƙasa aka ce za a baje namu a kawo mana ruwa har rani. Abubuwa masu nauyi sun faru a ƙasarmu a waɗannan shekaru, kuma waɗanda abin ya fi taɓawa su ya kamata su ba da labarinsu. Nawa ƙarami ne, amma shi ne ya tsaya mini a wuya.

Wata Talata a kasuwa na ji ana cewa akwai wani malamin dabbobi da ke bin ƙauyuka da littafi yana ƙirga shanu. A wurinmu, mutum da littafi yana ƙirga shanu abu ɗaya yake nufi, jangali. An ce an daina karɓa, amma wa ya yarda? Tun ina yaro na ga yadda mahaifina ke taya Kawu kawar da garke in masu ƙirga sun doso. Ban da wannan ma, Kawu ba ya faɗin yawan shanunsa, ko ɗan cikinsa bai taɓa ji daga bakinsa ba. Ya san su da fuska da suna, in ɗaya ta ɓata ido yake gaya masa. Faɗin adadi a wurinsa kamar gayyato asara ne.

Ban tsaya cinikin da ya kai ni ba, na dawo na same shi yana ba shanu kanwa.

"Kawu, malamin ga jibi shika zakkuwa. Littahi gare shi."

Ya ɗago a hankali. "To mi kag gani, ɗana?"

"Abin da Baba kan yi shi za mu yi."

"An ce an bar jangali."

"An ce! Yaushe hukuma ta taɓa ƙirga abin mutum don Allah?"

Ya dubi shanun, sannan ya ce to. Ni kuwa ban tsaya a nan ba. Na bi gida gida a unguwarmu, duk wanda ke da Bafillace a gonarsa na tsoratar da shi. Ban kwanta ba sai da na tabbata kowa ya ɗauka.

Ranar, da aka sallame sallar asuba, Kawu da 'ya'yansa suka kora garken zuwa wani kwazazzabo a bayan duwatsu. Ina tsaye a bakin burtali suna wucewa, ƙahoni bayan ƙahoni, har rana ta fito na ƙarshe ba su gama fita ba. Sauran aiki nawa ne. Na cire turaku na cike ramukansu. Inna da matata suka bi da tsintsiya suna share sawun kofato. Ɗanyen kashin shanu muka kwashe a kwanduna muka zube bayan rumbu, muka rufe da kara. Takin da muke jira shekara guda, shi muka yi ta ɓoyewa kamar kayan sata. Kafin hantsi gonar ta koma kamar kofato bai taɓa taka ta ba, ni kuma ina ta jin daɗin kaina.

Malamin ya iso a kan babur. Siriri ne, Kirista, baƙo daga kudu da ke zaune a Talata Mafara, amma Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Ya gaishe mu gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gida da iyali da gajiyar kaka, bai tsallake ko ɗaya ba. Na shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin gawo. Ƙudaje suka yi ta zarya tsakanin mu da bayan rumbu, yana bin su da ido.

Abin da ban shirya masa ba shi ne Inna. Ita ba a yi baƙon da zai zauna a inuwarta ya tashi bai sha komai ba. Sai ga fura an aiko, an dama ta da kindirmon da matar Kawu ta kawo jiya, kauri har ludayi na tsayawa. Malamin ya sha, ya leƙa ƙwaryar, ya yi murmushi.

"Wannan nonon bai yi tafiya mai nisa ba," in ji shi.

Na ce daga kasuwa ne.

Ya ajiye ludayi ya buɗe littafinsa. "Ka ji, ɗan'uwa, ba haraji ya kawo ni ba. Masu zanen aikin ruwa suna so su san inda shanu ke bi, da inda suke sha, da yawansu. Abin da na rubuta shi za a yi wa hanya. Abin da ban rubuta ba, a wurinsu babu shi."

A raina na ce, lallai an sake dabara. A fili na ce, "Malam, shanu dai babu. Da can an yi, sun tashi."

Sau uku ya tambaye ni, sau uku na ba shi amsa ɗaya, ta ukun har da rantsuwa, Allah ya yafe mini. Ya bi sauran gonakin unguwar, ko'ina amsar ke nan. Ya dawo ya ɗauki babur ɗinsa, ya ce a yi wa tsohuwa godiyar fura. Da la'asar shanu suka dawo, muka zauna ana ta dariya, ana kwaikwayon yadda ya leƙa ƙwarya. Kawu bai yi dariya sosai ba, ni kuma na ɗauka gajiya ce.

Bayan haka katafila ta shigo. Aka tumɓuke gawon, aka share iyakoki, aka baje ƙasa aka sake yanka ta. Na samu fili kusan inda gonarmu take, bai kai ta girma ba. Aka ja babbar magudanar ruwa ta siminti, mai zurfi da gangare mai santsi, ta ratsa burtali ta raba shi biyu. A daidai unguwarmu an sa wata 'yar siririyar gada, ta mutum da keke. Ba mashaya, ba wurin hayewar dabba, tun da a littafi babu dabbar.

Ba zan ɓoye ba, na yi murna da ruwan. Ka tsaya a tsakiyar rani ka ga gonarka kore shar da alkama, abu ne da ubana bai taɓa gani ba. Na manta da Kawu, ko in ce na ajiye tunaninsa a gefe. Shekarun da ake aikin ya riƙa raɓewa a bayan gari, ina kai masa dami, ina cewa in an gama za a san yadda za a yi.

Shekarar da aka sako ruwa, da kaka ta wuce, sai na ji kukan maruƙa. Na fita da gudu na tarar da garken a tsallaken magudana, sun yi tafiyar yini, suna jin ƙanshin ruwa suna turereniya. Kafin a tare su wata karsana ja ta sa ƙafa a gangaren siminti. Ta zame, ruwa ya ja ta. Da igiya muka fito da ita, mu wajen takwas, ƙafarta ta gaba ta karye har ƙashi ya fito. A nan bakin ruwa aka yanka ta. Kawu ya juya baya har aka gama.

Sannan ya hayo 'yar gadar ya zo inda nake. Duk da abin da ya faru bai rage komai a gaisuwa ba. Ya tambayi Inna, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya yi mini barka da ruwa. Sai da ya gama ya ce, "Ina za ni sabka, ɗana?"

Na dubi alkamata, ta kai tsawon taƙi. Na dubi ta maƙwabta, hagu da dama duk kore, babu ko faɗin tabarma da ba a shuka ba. Na ce, "Kawu, bana babu wuri."

"To, hakanan na," ya ce. "A gaishe da Inna."

Fadama ma ba ta riƙe shi ba. Tun da aka tare gulbi ambaliya ta daina zuwa yadda ta saba, burgu ya ƙaranta, inda ya rage kuma an nome. Ya yi 'yan kwanaki a bayan gari, shanunsa suka faɗa gonar wani maƙwabcina suka ci masa gefe guda, aka yi hayaniya har gaban mai gari. Washegari ya naɗe kayansa ya yi kudu.

Inna ta yi kwana uku ba ta amsa mini gaisuwa da fiye da kalma ɗaya. Ran na huɗu ta ce, "Ubanka ko baƙo bai taɓa ce ma babu wuri ba, balle mai wurin." Na ce mata zamani ne ya canza. Ta ce zamani ba shi da baki, ni na faɗa.

Damina uku Kawu bai waiwayo mu ba. Gonar ta fara nuna fushinta. Ƙasar da da take laushi a hannu ta yi tauri, wani wurin har fari-fari take yi a sama in ruwa ya janye. Takin zamani muna zubawa, amma shi kamar goro ne, yana wartsake mutum ba ya ƙosar da shi. Kara da tattakar alkama kuwa ƙone su muke yi don mu yi saurin sake shuka. Ina tsaye ina kallon hayaƙi, ban taɓa kawowa a raina cewa abincin garke guda nake cinna wa wuta ba.

Wani mai fataucin shanu ne ya gaya mini labari a kasuwa. Ya ce ya ga Kawu can kudu, a ƙasa mai duhun itace da ƙudan tsando, sammore, cutar da cizon ƙudan ke sa wa shanu, ya shiga garken. Ya ce sun zube kamar ganye, manyan 'ya'yansa biyu sun tafi kiwon shanun wasu. Na tambaye shi saura nawa. Ya ce ai ka san ba ya faɗa, amma ido ba ya wahala wajen ganin ƙarshensu.

Daga kasuwar ban koma gida ba. Na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan malamin dabbobi. Matarsa ta kawo mini ruwa, shi kuma da ya fito ya dube ni sau ɗaya ya ce, "A'a, mai fura!" Na so ƙasa ta tsage. Na gaya masa komai, har kwandunan da muka zube bayan rumbu. Ya ce ya sani tun ranar, amma ba a aike shi ya rubuta abin da hancinsa ya ji ba.

Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya goya ni a babur muka bi bakin magudanar nan tamu har wani ƙauye a gaba, wajen Bakura. A can wani tsohon arɗo, shugaban makiyayan wurin, ya bari an ƙirga nasu. Sai ga gada mai faɗi, an zuba mata ƙasa a sama don kada shanu su ji tsoron takawa. Gefenta an yi gangare mai sauƙi zuwa wani kwarmi da ruwa ke shiga, shanu sun jeru suna sha hankali kwance. Ruwa ɗaya, siminti ɗaya, bambancin kawai su sun faɗi gaskiya. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Na ce ya zo ya sake ƙirgawa, a yi mana irinta. Ya girgiza kai. "Ko an yi muku gada, in sun haye me za su ci? Gonarka ɗaya ba ta riƙe garke, kuma kowa ya shuka har bakin iyaka. Sai duk masu shan ruwan reshen magudanarku sun yarda sun buɗe wuri. In kun shirya kanku, ku kawo buƙata da baki ɗaya, ni kuma in kawo littafi. Amma wannan karon sai na ga shanu da idona."

Maganar nan ta ci mana rani guda da rabin damina a ƙofar mai gari. Kowa ya yarda ƙasa ta gaji, kowa ya yarda kashin shanu ne maganinta, amma ba mai son ya bar gona mai ruwa ta kwana ba shuka. Maƙwabcin nan da aka ci wa alkama shi ya fi kowa zafi. Ya ce shi ya gama da kofato har abada. Na harzuƙa na gaya masa magana marar daɗi a kan rowa, a gaban mutane, taro ya watse. Sai da na je har zaurensa na ba shi haƙuri, Inna ce ta tura ni, kafin aka sake zama.

Abin da ya warware mana kuwa dabarar Kawu ce. Na tuna yadda yake tumɓuke turaku duk kwana huɗu. Na ce wa mai gari, "Ranka shi daɗe, abin da Kawu ka yi da turke cikin gona guda, mu yi shi da gonakinmu dut." Aka raba gonakin reshenmu kashi huɗu. Kowane rani kashi ɗaya ya huta da noman ruwa, a bar masa karansa, a shuka wake a ƙarshen damina don harawa, shanu su sauka a nan su kwana su yi taki. Waɗanda gonarsu ke hutu a ba su kunyoyi a gonakin sauran, don kada gidan kowa ya rasa abin rani. Aka hana ƙona tattaka. Masu gona a bakin tsohon burtali kowa ya ja baya kaɗan. Wani dattijo ya ƙara da cewa kada a mayar da wurin na duk wanda ya ga dama. Mai gari da arɗon makiyayanmu su riƙa dubawa, in sun ga ƙasa ta fara bayyana garke ya tashi, ko da rani bai ƙare ba.

Da aka zo kan wane kashi zai fara hutawa, ba a yi dogon tunani ba. Wani ya ce, "Wanda yab bi gida gida yac ce mu ɓoye, shi za shi fara." Aka yi dariya, ni ma na yi, don gaskiya ce. Maƙwabcina dai bai shiga ba har ya koma ga Allah. Kowace shekara sai mu kewaye gonarsa da ƙaya, shi da alkamarsa a tsakiyar shanu.

Saura Kawu. Da damina ta zo ƙarshe na ji ya dawo ƙasar Maradun. Na bi ta Dosara ina tambaya, aka ce in duba wajen Damaga. Na same shi a gindin wata tsamiya yana tufka igiya. Ya tsufa fiye da shekarun da muka rabu, wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi Inna da yara ɗaya bayan ɗaya kamar jiya muka rabu. Da na fara ba shi haƙuri sai ya ɗaga hannu.

"Ba kai ɗai kab ɓoye su ba, ɗana. Ni nik kora su."

Na gaya masa abin da muka shirya, na ce gonarmu ce za ta fara hutawa, wake har ya yi fure. Ya saurara yana tufka. Da na kai kan malamin da littafinsa sai hannunsa ya tsaya.

"Sai an ƙirga?"

"Sai an ƙirga, Kawu."

Ya daɗe yana kallon inda shanun ke kiwo. Ni ban duba wajen ba, na kasa. Can ya ce, "In don hanya ta, a ƙirga."

Gadar dai an yi ta daga baya, da mashayarta, bayan zirga-zirgar da ta cinye mini takalma biyu. Kafin a yi, shanu sai sun zagaya ta gadar mota, tafiyar rabin yini. Gonarmu ta yi laushi a hankali, ba a shekara ɗaya ba. Tsarin nan na kashi huɗu ya yi ta tangal-tangal, wata shekara a bi, wata a yi rigima, amma ya riƙe mu da daɗewa. Kawu ya haye gadar rani biyu kafin ya rasu. Duk wannan na sani, amma in na tuna shekarun dam ba shi ke fara zo mini ba.

Safiyar ƙirga ce ke zuwa. Muka tsaya a tsallaken magudana, daidai inda aka yanka jar karsana. Malamin ya zo da littafinsa, makiyayan sauran gonaki suna jiran layi a baya. Kawu ya ce shi zai fara. Ya tsaya da sandarsa a kafaɗa ya shiga kiran shanunsa da sunayensu na Fillanci. Wadda ya kira ta ɗago kai ta tako ta wuce gaban malamin, shi kuma ya ja layi a takarda. Ni ina tuna asubar da na tsaya a bakin burtali har rana ta fito garken bai gama wucewa ba. Inna ta aiko da fura wannan karon ma, amma kafin a gama dama ta Kawu ya yi shiru, babu sauran wadda zai kira.

"Goma sha huɗu," in ji malamin, a hankali, kamar mai neman gafara. Ya fara rufe littafin.

Kawu ya ɗora hannu a kan takardar. "Dakata, Malam." Ya sauke sandarsa ya nuna. "Waccan ciki gare ta. Da waccan. Da baƙar can ta baya. Rubuta had da na ciki, su ma hanyag ga za su bi."

Malamin ya dube ni, na kawar da kai don idona ya cika. Ya buɗe littafin, ya soke abin da ya rubuta, ya sa goma sha bakwai.